Ma'arudi Zuwa Ga Paparoma

Karantina, Jidda
Muharram, 1384

Zuwa ga ƙanena Na'ibi ɗan Malam Mamuda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni ce Mastura, yayarka, wadda ta goya ka tun daga Abeshe har bayanta ya yi kanta. Muna nan ƙalau, ni da maigidana Usuman da yara, sai Inna Turai da ƙafa ta riƙe, idonta kuma ya yi yana.

Bayan aikin Hajjin bana wani alhaji mai fataucin ƙiraga, mutumin unguwar Fallata ta garinku, inda Hausawa suke zaune, ya sauka gidanmu. Ana cikin hira ya ce a Hajar Sabil akwai wani limamin Nasara baƙi mai jin Hausa, wanda mahajjata suka bari yana yaro a asibitin fada-fada da ciwon sanƙarau. Inna tana tankaɗe, rariya ta suɓuce mata.

Na san abin da za ka fara tambaya. Baba amana ya bar ka, da niyyar mu sauke farali mu biyo mu ɗauke ka. Bai ko tsallake teku ba, a Sawakin ya cika muna jiran jirgi. Muka iso nan mu biyu mata, ba kowa ba komai. Daga baya wasu matafiya suka ce mana ka rasu, har Inna ta yi maka sadaka.

An ce yanzu Abuna Daniyal ake kiranka, wai ubanmu. Ni dai ubana ɗaya ne, yana kwance a Sawakin, kuma ba zan kira wanda na sha wanke wa kashi uba ba. Maganar addini ba zan buɗe ta a takarda ba. Abu ɗaya ya sa na ɗauki alƙalami: Inna tana so ta shafa fuskarka da hannunta kafin Allah ya ɗauke ta. Ka zo.

Yayarka,
Mastura

Hajar Sabil, Sudan
Yuni, 1964

Zuwa ga Yaya Mastura,

Ina gaishe ki da Inna da Malam Usuman da yara. Ina lafiya, sai zazzaɓin damina da kan leƙo. Ajamina ya yi tsatsa, sai da na kwana biyu ina harhaɗa wasiƙarki. Da na gama na shiga coci na rufe ƙofa na yi kuka.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, na jira ku. Kowace kaka in ayarin mahajjata masu komawa gida ya biyo, nakan gudu bakin hanya ina leƙa fuskokin mata. Fada Marko, Ba'italiyen da ya yi jinyata, shi kan zo ya kama hannuna mu koma. Shi ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta, a hannunsa na karɓi baftisma ba tare da ya tilasta ni ba. Na daɗe ina riƙe da ku a raina. Yanzu na ji yadda aka yi, ina ƙoƙarin saki.

Ga halin da nake ciki. A watan Maris gwamnatin soja ta kwashe fada-fadan Turawa duka a manyan motoci ta fitar da su daga ƙasar, har da Fada Marko da tsufansa da sandarsa. Ni kaɗai na rage a nan: coci, ɗakin shan magani, da ƙauyukan da nake zagawa a kan keke. Kuma limami irina ba ya tafiya sai da izini. Ranar da aka naɗa ni na durƙusa na sa hannayena biyu cikin na Bishop, wato shugabanmu, na yi alkawarin yi masa biyayya. Shi ma yanzu yana gudun hijira a ƙetaren iyaka. Na rubuta masa ina roƙon wata uku.

Ki gaya wa Inna, da zarar ruwa ya ɗauke hanya ta buɗe, ina tafe. Ki tambaye ta ko har yanzu tana yin miyar karkashi.

Ƙanenki,
Na'ibi, wanda ake kira Daniyal

Karantina, Jidda
Rabi'us Sani, 1384

Na'ibi,

Muna lafiya. Inna ta sa na karanta mata wasiƙarka har na haddace ta kamar Ƙulhuwa. Maganar leƙen fuskokin mata ta hana ta cin abinci yini guda, maganar karkashi kuma ta dawo mata da shi. Ta riga ta aika a nemo mata busasshe wajen 'yan Sudan a Bab Sharif, ta ƙulle a tsumma ta hana kowa taɓawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Usuman ya fara shiri. Yana aiki ne a sambuk, jiragen ruwan katako masu sauke kaya daga manyan jirage, tunda su ba sa iya matsowa gaɓa saboda duwatsun ruwa. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, mai sambuk ɗin, mutumin kirki ne. Ya ce zai nema maka takardar shigowa a matsayin surukin ma'aikacinsa. Sharaɗi biyu ne: da sunanka na yanka za ka shigo, Na'ibi ɗan Mamuda, kuma wannan doguwar rigar taku da sakandami, gicciyen nan na wuya, sai ka bar su can. A nan ba a sa su a titi. Ba cewa na yi ka musulunta ba, kada ka murtuke. Tufa ce kawai za ka sauya na wata uku, halas.

Amma ka fahimtar da ni. Shi Bishop ɗin nan kafilinka ne? A hannunsa fasfonka yake? Mutum da gemunsa, uwarsa na kira, sai ya ce bari ya tambayi wani ƙato da ke wata ƙasa? Mu nan mun san kafili, amma ko kafilin da ya fi kowa taurin kai, in ka ce masa uwa, yakan sa hannu.

Zumunta a ƙafa take, ba a tawada ba. Yalla.

Mastura

Hajar Sabil
Disamba, 1964

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Lafiyata lau. Hanya ce ta rufe, sannan ƙasar ta juye.

Kin ji labari dai. A watan Oktoba ɗalibai da ma'aikata suka cika titunan Kartum har sojoji suka sauka daga mulki. Ranar da rediyo ta faɗa, na ja ƙararrawar coci sai da igiya ta sale mini tafin hannu. Muka fita zagayen gari, ni da limamin masallacin Fallata a gaba, malaman makaranta da masu dako a bayanmu. Tun da nake ban taɓa jin ni ɗan ƙasar nan ba ne kamar ranar.

Zan gaya miki wani abu, ki bar shi a cikinki. Mu biyar, limamai 'yan ƙasa, mun zauna mun tsara takarda. Muna so a bar mu mu zaɓi bishop daga cikinmu, makarantar da gwamnati ta karɓe kuma ta zauna a hannun mutanen gari, Musulmi da Kirista. Ba mu aika ba tukuna, muna jiran lokacin da ya dace.

Yanzu ga marar daɗin. Amsar Bishop ta iso. Ya ce umarni ya zo daga Roma: kada limami ya bar garkensa a wannan hali, kada kuma ya sa baki a siyasa. Ya ce shi kansa ba shi da ikon sakina sai an tambayi can.

Kin tambaya ko kafilina ne. Bari in ba ki labarin kamar yadda Fada Marko ya ba ni. A da can, kowane bishop a Turai kusan sarki ne a ƙasarsa, yana jingine da sarkin ƙasar, Paparoma yana nesa. Sai mutanen Faransa suka tashi suka sare kan sarkinsu, suka ƙwace gonakin Coci, suka ce kowane limami ya rantse wa sabuwar gwamnati. Limamai suka rasa bangon jingina, suka juya suka kama Roma da hannu biyu. Daga baya Italiyawa suka ƙwace wa Paparoma ƙasarsa. A shekarar da ya rasa birninsa, a cikinta aka zartar cewa in ya yanke hukunci kan imani daga kujerarsa, babu kuskure a ciki. Ƙasa ta ragu, iko ya ƙaru. Tun daga nan, duk inda talakawa suka fito titi, Coci takan ja taga ta rufe, ta jira ta ji daga Roma. Ban ce ba ta da dalili ba, ta sha wuya a hannun masu juyin mulki, ni ma na ga Fada Marko a bayan mota kamar buhun gawayi. Amma wannan karon talakawan namu ne.

Duk da haka ina da sa rai. Yanzu haka bishop-bishop na duniya suna babban taro a Roma, ana cewa za a sassauta abubuwa da yawa, a riƙa jin ta bakin irinmu. Shi Paparoma, Uba Mai Tsarki muke kiransa, kuma uba ba ya ƙin jin kukan ɗansa in ya isa kunnensa. Ki ba Inna haƙuri. Kaɗan ya rage.

Na'ibi

Karantina, Jidda
Ramadan, 1384

Na'ibi,

Barka da shan ruwa, ko da yake kai ba ka sha da mu. Yara lafiya. Inna ba ta iya azumi ba bana, ƙafar ta kumbura har gwiwa, yanzu sai an ɗaga ta. Kai kana cewa kaɗan ya rage, ni ina kallonta ina cewa haka nan.

Labarin Faransawanka na ji shi. Kaza ce ta ga shirwa ta tattara 'ya'yanta, shirwa ta wuce ita kuma ta manta ta ɗaga fiffike. Amma a cikin dogon karatun naka magana ɗaya na tsinta: kukan bai isa kunnensa ba ne. To, ka kwantar da hankalinka, yayarka ta isar.

Ku can ba ku san ma'arudi ba. A nan in ƙaramin ma'aikaci ya danne maka haƙƙi, ba ka tsayawa jayayya da shi. Sai ka je wajen marubutan da ke zaune a ƙofar ma'aikatu da ɗan teburinsu, a rubuta maka koke zuwa ga babba, ka kai majalisarsa ka sa a hannunsa. Tsohuwa mai sayar da gyaɗa ma takan yi, a biya mata bukata. Na je wajen Abdulghani, wanda duk layin babu mai alƙalaminsa. Da na ce masa zuwa ga Paparoma, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Ya hajja, ba na jin wannan yana ƙarƙashin baladiyya,” wato hukumar gari. Na ce ya rubuta kawai, sarki sarki ne.

Ka san ƙa'idar ma'arudi: a yabi wanda ake roƙo, a nuna darajar wanda ake roƙa wa, a nuna ba za a ɗora wa kowa wahala ba. Na sa ya rubuta cewa kai ba ƙaramin bawansa ba ne, ranar da sojoji suka faɗi gari guda ya bi bayanka. Na ce har kun shirya ku biyar za ku zaɓi bishop da kanku ku hutar da shi. Na ce batun takardu kada ya damu, an gama, da sunanka na Musulunci za ka shigo, ba riga ba sakandami, ba wanda zai san nasa ne. Wata uku kawai uwarka ke roƙo. Inna ta dangwala yatsa a ƙasa.

Sinyora, matar injiniyan Italiya da nake yi wa wanki da guga, ta sa aka juya shi da harshensu. Ƙanen mahaifiyarta limami ne a wani ofishi a Roma, ta ce hannu da hannu zai kai. Har ƙwalla ta yi.

Ka fara ɗaure kaya. Tukwicina turaren Sudan, mai kyau ba na 'yan tebur ba.

Mastura

Hajar Sabil
Mayu, 1965

Mastura,

Ina fatan Inna ta sami sauƙi. Ni jikina lafiya, abin da zan iya cewa ke nan.

Ma'arudinki ya isa. Ya isa da kyau, ya dawo mini a hannun wani manzo, limami Bature da ya zo daga Kartum da kwafinsa a cikin jaka. Ya zaunar da ni a ɗakina, a kan kujerata, ya karanta mini shi layi layi. Ya tambaye ni sunayen sauran huɗun. Ya tambaye ni wa ya ba ni izinin jan ƙararrawar Coci don murnar faɗuwar gwamnati. A ƙarshe ya ajiye takardar ya ce, “Ina so in sani, da wa nake magana, da Daniyal ko da Na'ibi?” A ganinsu limami ne ya tayar da gari, ya haɗa baki a kan Bishop, yanzu kuma zai tuɓe riga ya tsallaka ƙasar Makka da sunan Musulmi.

Na ce ki bar shi a cikinki. Da wane harshe zan faɗa? Kin ɗauki maganar da na amince miki da ita kin kai wa marubucin bakin titi, ya yi mata ado, kin biya shi. Abokaina huɗu an warwatsa su, ɗaya an hana shi hawa bagade. Ba su yi miki komai ba, ba su ma san da ke ba. Garin neman gira kin rasa mana ido.

Manyan namu ma ban wanke su ba. Na zauna ni kaɗai a nan lokacin da kowa ya tafi, na binne matattu, na raba ƙwayar zazzaɓi, ba wanda ya aiko manzo ya tambayi ko na ci abinci. Takarda ɗaya ta mace mai son ganin ɗanta ta sa an turo mutum tun daga Kartum. Na tambaye shi, “To, roƙon tsohuwar fa, me aka ce?” Ya juya takardar ya duba bayanta, ya ce ba a yi magana a kai ba.

An kira ni Roma, wai in huta in ƙara karatu. Za a kulle cocin nan sai an sami wani. An kuma umarce ni kada in rubuta muku, kada in aika saƙo, kada in gana da ku, har sai an gama bincike. Wannan ma don manzon bai ce daga yaushe ba ne na ba alhajin ƙiraga ya kawo.

Za ki ce in ƙi. Na yi tunaninsa har kaina ya yi ciwo. Amma in na ƙi yanzu, na tabbatar musu da duk abin da kika rubuta, abokaina kuma ba mai wanke su. Hannuna na sa cikin na mutum na yi alkawari, ba a ce mini sai ranar da ya yi mini daɗi ba. Zan tafi. Ki san abin da za ki gaya wa Inna, ke kika iya tsara magana.

Daniyal

Karantina, Jidda
Rabi'ul Awwal, 1385

Zuwa ga Abuna Daniyal, a Roma,

Ga shi na kira ka da sunan da ka sa hannu da shi. Sinyora ce za ta aika wannan. Ban sani ba ko kai za ka fara buɗewa ko wani. In wani ne, ya karanta da kyau, har baya.

Muna nan da rai. Inna ma tana nan.

Laifina na ɗauka. Na zaci ɓoyon daga gwamnati ne da maƙwabta. Kai ka ce mini Paparoma uba ne, ni kuma ban san uban da ake ɓoye wa abin alfahari ba. A nan in aka kai wa babba kuka, ko dai ya share hawaye ko ya ce Allah ya ba da haƙuri, ban taɓa jin an kama wanda aka roƙa wa ba. Na yi kukan abokanka huɗu, na yi azumi saboda su. Wannan tsakanina da Allah.

Yanzu saura naka.

Ranar Talatar da ta wuce wani jirgin Italiya da ya taso daga Bur Sudan ya yada anga a bayan duwatsu tun hantsi. Sambuk ɗin su Usuman aka tura sauke buhunan riɗi. Kafin la'asar sai ga Usuman ya faɗo gida a guje, ba takalmi, ya bar aikin yini. Ya ce, “Mastura, yalla, ɗauko Inna, wallahi shi ne!” Ya ce tun safe wani baƙin limami yake tsaye a jikin ƙarfen jirgi yana kallon gari. Can da rana ta take ya sunkuyo ya tambaye shi da Larabcin Sudan, ina ne Karantina. Usuman ya nuna masa kudu, inda rufin langa-langa ke ƙyalli. Ya ci gaba da aiki, abin yana cin ransa. Da suka zo ɗaukar kayan ƙarshe ya ɗaga kai ya duba sosai, ya ga goshin Inna da haƙoranta a fuskar mutumin. Ya ce da Hausa, “Bawan Allah, kai ne Na'ibi? Ni ne Usuman, mijin Mastura.” Ya ce har ka buɗe baki za ka amsa. Ya rantse ka buɗe baki. Sai wani farin limami da ke gefenka ya taɓa maka gwiwar hannu, ka juya ka shige ciki.

Muka ɗora Inna a amalanken jaki, ni da Usuman muna gudu a gefe. Kafilinsa ya ba mu sambuk ba ko sisi. Mutum huɗu suka ɗaga ta suka sa a ciki, tana cewa a gyara mata mayafi kada ka gan ta a hargitse. Ba mu kai ga duwatsu ba jirgin ya yi kuka ya ja anga. Inna ta ce, “Ina yake? Ku nuna mini.” Na kama haɓarta na juya fuskarta wajen hayaƙin. Ta daɗe tana kallo da idon da ba ya gani, sannan ta ce a mayar da ita, ruwan yana juya mata ciki.

Tun hantsi kake wurin, Na'ibi. Hausawa fal a ƙarƙashin ƙafarka suna ɗaukar buhu. Kalma ɗaya da ka jefa wa ɗayansu da safe, da kafin azahar hannunta yana kan fuskarka. Ba sauka za ka yi ba, ba riga za ka tuɓe ba. Kowa ya ce mini doka ce ta hana ka, zan ce masa doka ba ta hana ka tambayar ina ne Karantina ba. Ka so ka gan mu, ba ka so mu gan ka ba. Wannan ya fi mini komai ciwo, kuma ban ga ranar da zai daina ba.

Tun ranar Inna ba ta ƙara ambatonka ba. Jiya da na ce mata zan rubuta, ta ce in sa a gaya wa Paparoma ta yafe masa duniya da lahira, tunda shi bai san ta ba. Na jira. Na ce, “Inna, shi Na'ibi fa, me zan ce masa?” Ta ce in miƙo mata buta, lokacin salla ya yi.

Mastura